Tiraka a Ƙafar Baba

An yanke wa Baba Mai Agogo ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa ranar Talata da safe. Likitan da ya yi aikin ya ce ba ciwon suga kaɗai ya ci ƙafar ba. Abin da ya kashe ta igiyoyin roba ne guda biyu, irin waɗanda ake ɗaure kwali da su a sito, da suka nutse cikin naman idon sawu har sai da aka sa wuƙar tiyata aka tono su. A jikin igiyoyin akwai wani ɗan farin abu kamar murfin kwalba, naɗe da salatif. Tiraka ake ce masa. Aikinsa ya riƙa sanar da wayar mai shi inda yake.

Ɗansa ne ya ɗaura masa. Manaja ake kiransa, shi ke riƙe da siton wani kamfanin jigilar kaya a bakin gari, kuma duk kwalin da zai bar hannunsa sai ya maƙala masa irin wannan abin. Wadda ta kai tsohon asibiti surukarsa ce, matar Manaja, da unguwa ke kira Tela saboda a falonta take ɗinki. Ta zo da yatsu biyu a ɗaure. Abin ya faru ne a hawa na biyu na wani gidan haya da ke bayan tashar mota, ɗaki biyu da falo, daga farkon zafi zuwa saukar damina.

Baba ya fara mantuwa. Wata rana ya fita bayan karin kumallo bai dawo ba sai da aka nemo shi da yamma a ƙarƙashin gadar tasha, wurin da ya yi shekaru yana gyaran agogo, yana tambayar masu sayar da caja wa ya ɗauke masa teburinsa. Washegari Manaja ya dawo da tiraka daga wurin aiki. Ya ajiye wata tsohuwar waya a kan firji don ta riƙa jin tiraka idan tana gida, ya saita tasa ta yi ƙara da zarar Baba ya wuce ƙofar gidan. Ya nuna wa Tela ɗigon shuɗi a kan taswirar wayarsa yana murmushi. Ya ce tunda suka fara amfani da shi a sito ko kwali ɗaya bai ɓace ba.

Tela ta ga dabara ce mai kyau. Ita ce ma ta ɗinka masa zaren ratayawa a wuya.

Baba ya cire zai yi wanka, ya rataye a ƙusar bayan ƙofa, ya sa rigarsa ya fita. Yini guda Manaja yana duba waya yana ganin ɗigo a gida, hankalinsa kwance, uban kuwa yana can tasha. Aka koma sa masa a aljihu. Baba ya ciro ya jujjuya, ya kara a kunne.

"Uwata, wa ya kawo agogon nan? Ba fuska, ba hannu, ba ya ma tafiya. An cuci mai shi."

Tela ta yi dariya ta ci gaba da taka keke. Kafin ta ɗago ya sa bakin wuƙar yanka albasa ya buɗe murfin, ya zare batirin, ya jera komai a kan hankici kamar yadda ya saba. Ɗigo ya mutu a wayar Manaja. Ya baro sito da rana tsaka, ya hawo bene yana haki, ya tarar da uban yana hura ƙura daga cikin abin.

Ranar ce ya fara marinsa. Hular Baba ta faɗi bayan kujera. Tsohon ya dubi ɗan kamar yana son ya tuna inda ya san shi. Manaja ya mayar da batiri, ya naɗe tiraka da salatif har ta zama dunƙule, ya zaro igiyar roba daga aljihu. Igiyar tana da haƙora a cikinta. Idan aka zura bakinta aka ja, gaba take yi, ba ta komawa baya sai an yanke. Ya durƙusa ya ɗaura a idon sawun hagu, ya ce a nan ne hannu ba zai yi wasa da ita ba.

Da dare ya yi wa Tela bayani, duk da ba ta tambaya ba. Ya ce hannunsa ne ya kufce. Ya ce ita tana zaune a inuwa, shi ne ake kira daga aiki, shi ne zai shiga bakin duniya idan mota ta take tsohon. Ta ce igiyar ta yi kamar ta matse. Ya ce yatsa na shiga, ya gwada.

Yatsa na shiga a lokacin. Amma ƙafar mai suga kumbura take yi da yamma, kuma Baba bai daina taɓa abin ba. Duk jan da ya yi don ya cire, igiyar sai ta ƙara haƙori ɗaya. Da ya ga ta ƙi, ya samo reza a banɗaki. Tela ta tarar da shi zaune a bakin baho, jini na bin tayil, ya yanki fatarsa wuri uku bai taɓa igiyar ba. Ta wanke, ta sa auduga. Ta roƙe shi kada ya faɗa, shi kuwa kafin la'asar ya manta da zancen.

Manaja ya ga audugar. Ya zare bel. Tela tana kicin ta ji sautin farko, ta fito da ludayi a hannu. Baba yana ƙasa ya kare kai da hannuwa, yana cewa, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe, zan kwashe teburin." Ya ɗauka ma'aikacin da ke korar masu kasa kaya ne a tasha. Manaja ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya ƙara igiya ta biyu a saman ta farko.

Tela ta kira yayar Manaja, wadda ke aure a wani gari. Yaya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ai ƙanenta ya yi ƙoƙari, ba kowane ɗa ne zai riƙe tsoho mai ruɗewa ba. Ta ce zafin zuciya ne, gado ne, shi ma Baba haka ya yi musu suna yara. Ta ce Tela ta riƙa ɓoye reza. Maƙwabciyar ƙasa, wadda ke jin komai ta silin, ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗa da uba. Mai kemis ya dubi hoton ƙafar a wayar Tela, ya ce a cire wannan abin, ta ce ba za a cire ba, ya ɗaga kafaɗa ya ba ta man shafawa.

Almakashi uku ne a kan teburin Tela. Yini take yi da ɗaya a hannu. Tana yanka yadi tana kallon ƙafar da ke miƙe a kan tabarma taku biyu daga inda take.

Ranar da ta yanke, ta yi shiri. Ta ɗinka maɗauri mai laushi da ƙyallen atamfa, ta sa masa soso a ciki da maɓalli, ta zura tiraka. Ta yi haka ne don ɗigo ya ci gaba da zama a gida. Igiyoyin suka bar zobe biyu ja a fatar, ɗaya yana ruwa. Baba ya murza wurin ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Wannan takalmin ya fi." Ta ja masa ƙafar wando ta rufe.

Maɓalli ba ya gagarar mai gyaran agogo. Tana auna wata mata a ɗaki ya ɓalle shi, ya ajiye a kan firji kusa da tsohuwar wayar, ya sauka. A bakin titi mai babur ya goge shi, ya faɗi ya fasa goshi. Wani da ya san Manaja ya kira shi.

Manaja ya kawo uban gida da filasta a goshi, ya zaunar da shi, ya ɗauki maɗaurin atamfa daga kan firji ya duba ɗinkin. Bai ɗaga murya ba. Ya rufe ƙofar falo. Ya tambayi Tela da wane hannu ta yanke. Ta ce Abban yara, ka ga ƙafar kuwa, ka duba ta tukuna. Ya kama hannunta na dama ya shimfiɗa a kan teburin keke, ya ɗaga kan keken, wanda ƙarfe ne zalla, ya sake shi. Yatsu biyu suka karye. Ta durƙushe, ya bi ta da ƙafa a haƙarƙari har sai da ta daina motsi.

"Kin gani ko? Yini ɗaya kika cire, ga goshinsa. Da ya mutu ke za a tambaya ko ni?"

Sannan ya juya kan uban. Wannan karon ya yi yadda suke yi wa kaya masu tafiya nesa. Ya ɗaura igiya biyu a kan tsohon zoben, ya kama bakinsu da filaya ya ja har suka yi ƙara, ya datse ragowar daf da makullin don kada a sami abin kamawa. Baba ya dubi aikin ya ce yaron nan yana da hannu.

Shi da kansa ya kai Tela wurin mai ɗori. Ya ce keke ne ya faɗo mata. A hanyar dawowa ya saya mata lemo da maganin ciwo, ya ce ta san yana sonta, taurin kanta ne ke jawo komai. Ya kwashe almakasan uku ya kulle a but ɗin motarsa. Yaran suna makarantar kwana, aka ce musu Umma ta ji ciwo a wurin aiki.

Daga nan ƙafar ta fara canza launi. Suga ya riga ya kashe wa Baba jin zafi a tafin sawu, don haka ba ya kuka, kuma wannan ne hujjar Manaja. Duk lokacin da Tela ta yi magana sai ya taka yatsun uban da takalmi ya ce, "Baba, da zafi?" Baba ya ce a'a. Manaja ya dube ta ya buɗe hannuwa.

Ya sa kwaɗo a ƙofa ta waje, amma masu kawo ɗinki suka fara tambaya, ya cire. Baba ya sake fita sau ɗaya, yana jan ƙafa. Manaja ya bi ɗigo har cikin kasuwar tasha, Tela na biye da shi. Cunkoso ya hana su ganinsa. Manaja ya danna wani wuri a waya, sai ga ƙara siririya tana tashi daga bayan rumfar mai takalma, irin ta ɗan tsako. Baba yana tsaye yana waige-waige, bai san daga jikinsa take fita ba. Mutane suka fara dariya. Wani ya ce tsoho ya haɗiyi waya. Manaja ya damƙi wuyan rigarsa ya ja shi har mota, yana gaya wa masu kallo cewa mahaifinsa ne, ba shi da lafiya. Wata mai sayar da ruwa ta ce Allah Ya ba da lada.

A gida ya yi masa dukan da ya fi na baya. Ya yi amfani da wayar caja. Tela ta tsaya a tsakaninsu, ta karɓi rabonta a baya da wuya.

Bayan wannan Baba bai ƙara sauka daga bene ba, don ƙafar ba ta ɗaukarsa. Ɗigo ya zauna wuri ɗaya. Manaja ya ce yanzu aka sami zaman lafiya, har ya gaya wa wani abokin aikinsa mai uwa tsohuwa ya gwada. Yatsun ƙafar suka yi baƙi daga ƙarami zuwa babba. Kumburi ya haɗiye igiyoyin, tiraka kaɗai ake gani a waje kamar ƙurji. Wari ya cika falo. Masu kawo ɗinki suka daina zama, sannan suka daina zuwa. Manaja ya sayo turaren fesawa, ya ce ranar hutu zai duba, ranar hutu ta zo ya tafi karɓar kaya.

Ranar Litinin da hantsi zazzaɓi ya rufe Baba. Yana rawar sanyi yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Tela ta ɗaga zanen da ta rufa masa, ta ga abu fari yana motsi a tsakanin yatsun. Ta sauka ta ari almakashi wurin maƙwabciya. Da hannun hagu ta gwada, ta kasa samun inda za ta zura bakinsa. Igiyar tana can cikin nama.

Ta zauna a ƙasa ta yi lissafin abin da ta sani. Idan ta fitar da shi, wayar Manaja za ta yi ƙara kafin su kai titi. Zai ga hanyar da suka bi, zai ga inda suka tsaya. Ba ta da yadda za ta raba ƙafar da tiraka. Daga sito zuwa babban asibiti ya fi nisa kaɗan a kan daga gida, in dai ba a sami cunkoso ba.

Ta tsayar da tasi. Direban da wani mai wanki suka sauko da Baba a cikin zanen gado. Ba su bar layin ba wayarta ta fara ruri. Ta bar ta. Ta sake, ta sake. Direban ya buɗe tagogi duka saboda wari, ya tambaye ta ko ba za ta ɗauka ba. Ta ce ya dai yi sauri. A kan gada suka tarar da cunkoso. Saƙo ya shigo, ta karanta: ya ce yana ganinsu, su tsaya inda suke.

Sun riga shi da kaɗan. Ana ɗora Baba a gadon turawa ta ji ƙarar ɗan tsakon nan daga ƙarƙashin zanen. Manaja ya shigo, yana neman su da waya a hannu. Ya bi ƙarar har ƙofar ɗakin gaggawa. Ya kama mayafinta ta baya ya fizgo, kanta ya bugi bango. Ya ce wa ya ba ta izinin fitar masa da uba. Ya ɗaga hannu na biyu, masu gadi biyu suka riƙe shi. Yana ta faɗa musu cewa matarsa ce, al'amarin gida ne.

Likitan ya yaye zanen, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi wa ya ɗaura wannan.

Manaja ya gyara rigarsa. Ya ce tsohon yana da taɓin ƙwaƙwalwa, shi yake jan abin da kansa har ya matse. Ya ce shi yana wurin aiki kullum, matarsa ce ke gida da shi, ya kamata a ce ta lura. Likitan ya juya ga Tela. Jini na sauka daga girarta, ta ga mijin yana kallonta yadda ya kalle ta ranar keke.

"Shi ya ɗaura," ta ce. "Da filaya ya ja. Na taɓa yankewa, ga abin da na samu."

Ta ɗaga hannun. Wata nas ta rubuta. Likitan ya ce a fitar da Manaja daga ɗakin, a shirya tiyata.

Tun daga ranar Tela ba ta koma gida ba. A kan benci take kwana kusa da gadon Baba. Asibitin ya ce ya sanar da 'yan sanda, ba wanda ya zo tukuna. Yaya ta kira tana kuka, ta ce Tela ta tona wa gida asiri a gaban bare, da ta kira ta ai da an san yadda aka yi. Tela ta tambaye ta ko za ta karɓi Baba idan an sallame shi. Yaya ta ce gidan nata ƙarami ne, za ta dai yi magana da maigidanta. Maƙwabciya ta aiko a karɓo mata almakashinta.

Manaja yana zuwa kullum bayan tashi daga aiki, da kwanon abinci da lemo. Masu jinya a gadajen kusa suna yaba masa. Yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ba don tiraka ba da tuni uban ya ɓata ko mota ta kashe shi, kuma ƙafa ai suga ne, kowa ya san suga na cin ƙafa. Ya nemi a ba shi abinsa da aka cire, ya ce kayan kamfani ne. Aka ce yana cikin abin da za a nuna wa hukuma. Ya ce ba komai, akwai wasu a sito.

Baba ya farfaɗo. Ba ya tuna dukan da ya sha, ba ya tuna igiya. Yakan kai hannu inda ƙafar take ya shafa katifa, ya tambayi Tela ko an kai ta gyara ne. Idan ɗan ya shigo Baba yakan gyara zama ya gaishe shi da ladabi, ya ja zane ya rufe kansa.

Ranar Alhamis Tela ta sauka karɓo magani, ta hangi Manaja a shagon da ke bakin ƙofar asibiti, inda ake sayar da sanduna da keken marasa lafiya. Ya kifar da wani keke yana duba ƙarƙashinsa. Ta ji yana tambayar mai shagon ko bututun kujerar rami ne a ciki, kuma ko murfinsa na buɗuwa da hannu ko sai da sukudireba.

Likitan ya ce za a iya sallamar Baba a mako mai zuwa. Dokar asibitin ita ce a miƙa mara lafiya ga ɗansa ko 'yarsa, ba ga suruka ba. Yaya ba ta sake kira ba.